Yadda Ake Zaɓar wa Mutum Fim ɗin Samarin da Ba Su Nufi Ko'ina Ba

Akwai wani rukunin fina-finai da ba da shawarar kallonsu ya fi na sauran wuya, domin idan aka tambaye ka abin da ya faru a ciki, amsar gaskiya ita ce babu wani abin a zo a gani. Samari ne ko 'yan mata da suka gama makaranta, ko suke gab da gamawa, suna zagaya gari a mota ko a ƙafa, suna musu a kan waƙa, suna tsokanar juna, suna jiran wani abu da su kansu ba su san sunansa ba. Ba a sace kowa ba, ba a rigimar gado, babu mugun da za a ga bayansa a ƙarshe. Duk da haka wanda irin wannan fim ya shiga ransa yakan koma masa sau biyar ko goma, kamar mai ziyartar tsofaffin abokai, wanda kuwa bai shiga ransa ba yakan kashe shi kafin a yi minti ashirin, kuma daga ranar ya daina yarda da zaɓinka. Saboda haka jero sunaye ba ya wadatarwa. Sai ka gane wace irin kewa ce a zuciyar wanda ya tambaye ka, ka auna iyakar haƙurinsa, sannan ka miƙa masa fim ɗaya.

Kafin ka kai ga mutumin, ka fara sanin abin da yake hannunka. Yawancin waɗannan fina-finai sukan takura kansu cikin ɗan gajeren lokaci, dare ɗaya ko mako ɗaya ko hutu ɗaya, kuma ba su da jarumi guda da kowa yake yi wa hidima, gungun abokai ne ake bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake riƙe su shi ne cewa 'yan kallo sun san lokacin yana ƙarewa, su kuwa yaran da suke ciki ba su sani ba. Misalin da kusan kowa yake komawa gare shi shi ne American Graffiti, wanda George Lucas ya fitar a 1973, shekara huɗu kafin Star Wars. Labarin dare ɗaya ne a ƙarshen hutun 1962 a garin Modesto na jihar Kalifoniya, inda Lucas ya tashi, kuma shekararsa 18 a wannan shekara. Samari huɗu suna ta kai da kawowa a kan babban titi, waƙoƙi kusan arba'in suna tashi daga rediyon motoci ba tare da sun yanke ba, biyu daga cikinsu kuma ya kamata su hau jirgi da safe su tafi jami'a. Wanda ya fi ɗokin tafiya shi ne ya zauna, mai shakkar kuma shi ne ya tafi. Iyakar labarin ke nan, sai dai kafin a rufe, rubutu yakan bayyana yana faɗin makomar kowannensu, har da wanda ya ɓace a yaƙin Biyetnam a 1965, kuma wannan rubutu na 'yan daƙiƙoƙi shi ne yake juya duk dariyar da aka yi ta koma wani abu mai nauyi.

Ka lura da tazarar da take tsakanin shekarar labarin da shekarar yin fim ɗin, domin ita ce ma'aunin da zai fi yi maka amfani. A wurin Lucas shekara 11 ce. Richard Linklater, wanda aka haifa a 1960, ya yi Dazed and Confused a 1993 a kan ranar ƙarshe ta zangon karatu a wata makarantar sakandare ta Teksas, 28 ga Mayun 1976, wato tazarar shekara 17. Barry Levinson ya yi Diner, wato gidan cin abincin da abokan suke haɗuwa a teburi ɗaya, a 1982 a kan makon ƙarshe na 1959 a garinsu Baltimore, shekara 23 ke nan. Dukansu mutane ne da suka waiwayi shekarunsu na tashen balaga bayan sun yi nisan da zai ba su damar yin dariya, amma ba su yi nisan da za su manta ƙananan abubuwa ba, irin su yadda ake gaisawa da yadda ake yi wa juna ƙaryar bajinta. Idan darakta yana ba da labarin garinsu da zamaninsa, sau da yawa za ka tarar da wannan daidaiton, kuma shi ne yake sa wanda bai taɓa taka Baltimore ba ya ji kamar ya san mutanen da suke zaune a teburin.

Daga nan sai ka juya ga mai tambaya. Kada ka tambaye shi irin fim ɗin da yake so, domin zai ce maka mai kyau. Ka tambaye shi abin da yake tunawa idan aka ambaci shekarunsa na sha bakwai zuwa ashirin da biyu, ka kuma saurari inda ya dosa. Wani zai fara da dariya, ya ambaci abokai da irin shirmen da suka yi. Wannan daɗin yake nema. Wani zai yi shiru kaɗan, ya ambaci wanda ya tafi bai dawo ba, ko garin da ya ƙosa ya bari amma yanzu yake mafarkinsa. Wannan ɗacin yake nema, ko da bai faɗa ba. Akwai kuma na uku, wanda har yanzu yana cikin halin, ya gama karatu yana zaman kashe wando yana jiran abin da zai zo, kuma shi ba kewa yake nema ba, so yake ya ga an kwatanta halinsa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Tambaya ta biyu ta haƙuri ce: shin yana iya kallon fim marar launi, yana iya karanta fassara a ƙasan allo, kuma wane fim ne na ƙarshe da ya kashe kafin ya ƙare? Amsar wannan ta ƙarshe takan gaya maka fiye da duk sauran.

Ga wanda bai saba ba, ka fara da fim ɗin da yake da ɗan zaren labari da zai riƙe. Breaking Away, na Peter Yates, 1979, shi ne wanda na fi amincewa da shi a wannan matsayi. Samari huɗu ne a garin Bloomington na jihar Indiyana, 'ya'yan masu fasa dutse, sun gama sakandare ba su da aiki ba su da niyyar jami'a, suna wuni suna iyo a tsohon ramin da iyayensu suka haƙa, yayin da 'yan jami'ar garin suke kallonsu a raine. Ɗaya daga cikinsu ya haukace a kan tseren keke har ya koma kwaikwayon Italiyanci a gida, abin da yake ƙona ran mahaifinsa. Akwai tsere a ƙarshe, saboda haka mai son ya ga an yi nasara ko an faɗi zai samu abin jira, amma kafin a kai can ya riga ya sha awa guda na zaman banza mai daɗi ba tare da ya ankara ba. Rubutun fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Stand by Me, na Rob Reiner, 1986, yana yin irin wannan aiki: yara huɗu a 1959 suna bin layin dogo don su ga gawar wani yaro da ya ɓace, amma gawar dalili ce kawai, hirar hanya ita ce fim ɗin. Wanda kuma ya saba da fina-finan Indiya, ƙofarsa ita ce Dil Chahta Hai na Farhan Akhtar, 2001, inda Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna suka fito a matsayin abokai uku da suka gama jami'a suka tafi Goa shan iska kafin rayuwa ta raba su. Ya kai kusan awa uku, soyayya kuma ta cinye rabinsa na biyu, amma rabin farkon cikakken fim ɗin zaman hira ne.

Mai neman daɗin zalla, wanda kuma ya nuna yana da haƙuri, shi za ka ba Dazed and Confused. A ganina babu wanda ya kai shi iya sarrafa taron jama'a: mutum fiye da ashirin ne, amma kafin gari ya waye a fim ɗin ka san kowa, ka san wanda za ka zauna kusa da shi da wanda za ka kauce wa. Babbar matsalar da take ciki ba ta wuce ko wani ɗan wasan ƙwallon makaranta zai sa hannu a takardar alkawarin barin shaye-shaye da kocinsa ya ba shi ba, kuma ko ita ba a ɗauke ta da zafi ba. A nan ne Matthew McConaughey ya fara yin suna, a matsayin wanda ya gama makaranta tuntuni amma ya kasa barin yaran, kuma wannan hali nasa, mai ban dariya da ban tausayi a lokaci guda, shi ne gargaɗin da fim ɗin yake yi wa kansa game da kewa. Bai yi kasuwa sosai a gidajen silima ba, a kaset ɗin bidiyo ne ya samu masoyansa, abin da ya dace da shi, domin fim ne da yake ƙara daɗi a kallo na uku. Sai dai ka faɗa wa mutumin tun da wuri cewa akwai al'adar da manyan ɗalibai suke bin sababbi suna dukansu da katako, kuma fim ɗin bai ɓoye muguntar abin ba. Diner ya fi shi natsuwa, ya kuma fi dacewa da wanda ya riga ya yi aure ko yake shirin yi, tunda samarinsa sun haura ashirin kuma tsoron girma ne yake mayar da su teburi ɗaya kowane dare. Ɗaya ya ce ba zai auri budurwarsa ba sai ta ci jarrabawar da ya shirya mata a kan ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, wani kuma yana faɗa da matarsa saboda ta ɓata masa jerin faya-fayan waƙa. Cooley High, na Michael Schultz, 1975, yana ba da irin wannan daɗi daga unguwar baƙaƙen fata ta Shikago a 1964, da waƙoƙin kamfanin Motown, amma ƙarshensa yana da zafi, don haka ka san wanda kake ba.

Mai neman ɗaci kuwa, ka kai shi tushe. Federico Fellini ya yi I Vitelloni a 1953, kuma sunan yana nufin manyan maruƙa, wato ƙattin da suka isa yaye amma suke ci gaba da tsotso. Su biyar ne a wani garin bakin teku na Italiya, sun doshi talatin, iyaye da 'yan'uwa mata ne suke ciyar da su, suna yawo a bakin ruwa cikin hunturu suna maganar ranar da za su tafi Roma ko Milan. Ɗaya ne kaɗai ya tafi. Ya hau jirgin ƙasa da asuba bai sallami abokansa ba, kuma yayin da jirgin yake tashi sai kyamara ta ratsa ɗakunan abokansa suna barci, kamar jirgin ne yake wucewa ta gefen gadajensu. Ban san wani fim na wannan rukuni da bai ci bashin wannan minti ɗaya ba. The Last Picture Show, na Peter Bogdanovich, 1971, ya fi shi duhu: ƙaramin gari ne a Teksas a 1951, iska tana kaɗa ƙura a titi babu kowa, gidan silima ɗaya tilo yana shirin rufewa, ɗaya daga cikin abokai biyun kuma yana shirin tafiya yaƙin Koriya. An ɗauke shi ba launi da gangan. Kada ka ba wanda yake cikin damuwa, kuma kada ka ba wanda ya ce yana so ya huta.

Ga na ukun, wanda yake tsakiyar halin, fina-finan da aka yi a kan zamaninsu sun fi masu waiwaye, domin ba su shafa wa zaman banza zuma ba. Take Care of My Cat, na Jeong Jae-eun, 2001, yana bin 'yan mata biyar da suka gama makarantar koyon kasuwanci a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ɗaya ta samu ƙaramin aiki a kamfani a Seoul ta fara ɗaga kai, ɗaya talauci ya danne ta, wata kyanwa kuma tana yawo daga hannun wannan zuwa na waccan yayin da zumuncin yake sassautawa. Na ambace shi da muhimmanci saboda wannan rukuni maza sun mamaye shi, mata a yawancinsu abin hange ne daga tagar mota, kuma idan mace ce ta tambaye ka, rashin adalci ne ka tura ta kallon samari biyar suna musu ba tare da ka nuna mata wannan ko Ghost World na Terry Zwigoff ba, wanda shi ma a 2001 ya fito, a kan ƙawaye biyu masu raina kowa da komai bayan sun gama sakandare. The Boys from Fengkuei, na Hou Hsiao-hsien, 1983, samari ne daga wani ƙauyen masunta a tsibiran Penghu na Taiwan da suke kashe lokaci kafin a kira su aikin soja, suka tafi birnin Kaohsiung, inda wani ya karɓi kuɗinsu da sunan zai nuna musu fim mai launi a babban allo, suka hau bene suka tarar da kango babu komai sai wata ƙatuwar kafa da ake hango birnin ta cikinta. Kyamarar Hou takan tsaya nesa ta daɗe ba ta motsa ba, saboda haka sai mai haƙuri. Wanda ba shi da shi, ka ba shi Temporada de patos na Fernando Eimbcke, 2004: yara biyu 'yan shekara 14 a wani bene a birnin Meziko, ranar Lahadi, iyaye ba sa nan, wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan bidiyo. Bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Akwai kurakurai biyu da masu ba da shawara suke yawan yi. Na farko shi ne su ɗauka duk fim ɗin da samari suke yawo a ciki na wannan gida ne. La Haine, na Mathieu Kassovitz, 1995, abokai uku ne suna gararamba a unguwannin bayan birnin Faris na ƙasa da kwana ɗaya, akwai raha akwai musu, amma washegarin tarzoma ne, ɗayansu yana ɗauke da bindigar ɗan sanda da ya tsinta, agogo kuma yana bayyana a allo yana ƙirga lokaci. Babban fim ne, sai dai wanda ya zo neman tuna baya zai tashi da bugun zuciya. Haka ma Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, 1973, inda wani saurayi mai babur da ƙahonin sa a gaba da budurwarsa ɗaliba suke yawo a Dakar suna mafarkin Faris. Jigonsa ya yi daidai, amma salonsa mai tsalle-tsalle ne kamar mafarki, don haka ka ajiye shi sai mutum ya nemi abin da ya fi ƙarfi. Kuskure na biyu shi ne farawa da wanda kai ka fi alfahari da saninsa. Slacker, wanda Linklater ya yi a Austin da kimanin dala 23,000 kafin Dazed and Confused, ba shi da jarumi ko ɗaya, kyamara takan bi mutum na 'yan mintoci sai ta sake shi ta bi wanda ya gifta. Masana suna girmama shi, kuma sun yi daidai, amma miƙa shi ga sabon shiga hanya ce ta korarsa.

Wajibi ne kuma ka duba abin da yake ciki kafin ka buɗe baki, musamman idan za a kalla tare da iyali ko mai tambayar yaro ne. Samarin da ba su da abin yi sukan cika lokacinsu da abin da iyaye ba sa so, fina-finan kuma ba sa ɓoyewa. Dazed and Confused cike yake da giya da tabar wiwi daga farko har ƙarshe, The Last Picture Show yana da tsiraici da mu'amalar da ba ta dace ba, Stand by Me kuwa, duk da cewa yara ne a ciki, bakinsu ya sa hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta sa shi a ajin manya. American Graffiti da Breaking Away suna ajin da ya fi sauƙi. Faɗin wannan tun farko ba ya rage wa fim daraja, yana dai hana a kunna shi a inda bai kamata ba a zo ana jin kunyarka.

Idan ka tsayar da zaɓi, yadda za ka gabatar da shi ma yana da ƙa'ida. Kada ka ba da labarin, domin idan aka taƙaita shi ba ya da armashi, kuma kada ka ce shi ne fim mafi kyau da aka taɓa yi, domin mutumin zai zauna yana jiran wani babban abu da ba zai zo ba. Ka gaya masa a fili cewa babu abin da zai faru, sannan ka kwatanta masa fage ɗaya ƙarami, kamar jarrabawar budurwar nan ko kangon benen Kaohsiung. Idan ya yi murmushi, ka dace. Ka shawarce shi ya kalla da dare, a zama ɗaya, waya a nesa, da sauti mai kyau, tunda a yawancinsu waƙa ce take yin aikin da labari yake yi a wasu fina-finan, kuma ya ba shi minti talatin kafin ya yanke hukunci, domin kusan lokacin ne ake gama sanin sunaye a fara jin an shiga cikin gungun.

Bayan ya kalla, tambayar ko ya ji daɗi ba ta da amfani sosai. Ka tambaye shi wane ne a cikinsu ya sani a zahiri, domin kusan kullum akwai wanda zai ce wannan ai wane ne sak, kuma amsar ita ce za ta nuna maka fim na biyu. Idan wanda ya tafi ne ya tsaya masa a rai, ka ba shi I Vitelloni. Idan wanda ya kasa barin yaran ne, Diner. Idan kuwa ya ce shi dai bai so dare ya ƙare ba, to Linklater ya yi Everybody Wants Some!! a 2016, a kan 'yan wasan ƙwallon wata jami'ar Teksas a kwanaki ukun da suka rage kafin a fara karatu a 1980, kuma fim ɗin yana ƙarewa ne a daidai lokacin da malami ya shigo aji, biyu daga cikin samarin suka kifa kai a kan tebur suka yi barci.